Ku Fita Ku Biyu, Ku Gani Ku Biyu

Ɗana, ɗiyata, ƙetare iyaka ba baƙon abu ba ne ga mutumin Burkusuma. Kakanninku sun yi ta kora dabbobi zuwa kasuwannin Nijar tun ba a san hatimin fasfo ba. Iyayenku mata sun je biki da suna da gaisuwar mutuwa a garuruwan wancan ɓangaren. Daga 2019 kuma dubban mutanen Sabon Birni da Isa sun ƙetara ba da son ransu ba, tabarma a ka, goyo a baya, suka zube a ƙauyukan Gidan Rumji. Abin da yake sabo shi ne a ga yaro ya ɗauki matarsa, ba fatauci ba, ba jinya ba, ba gudu ba, don kawai su je su ga ƙasar Allah su dawo.

Wasu daga cikin tsararrakina suna yamutsa fuska in an yi wannan zance, suna cewa gatan 'yan boko ne. Ni ban ga aibinsa ba, na ma ga amfaninsa. A gidajenmu amarya tana tarewa ne cikin jama'a: ga uwar miji, ga ƙannen miji, ga facaloli. Maigida ya fita da sassafe, sai bayan isha'i. Yana cin tuwonsa a zaure da maza, tana cin nata a tsakar gida da mata. Sai shekara ta zagayo ba su taɓa zama da rana tsaka sun yi hirar awa guda ba. Tafiya ce take haɗa su a kujera ɗaya da kwano ɗaya, ba mai leƙe, ba mai aike. Damuwata ita ce yadda nake ganin ana ɓata wannan dama, a kashe kuɗi a dawo da bashi da ɓacin rai, wani lokaci har da yaji.

Ɓarnar takan fara tun daga zaɓen wurin zuwa. Kai ɗana ka ga hoton abokinka na Kano da matarsa a gaban doguwar hasumiyar Dubai, sai ranka ya biya. Ba ka san abin da ke aljihunsa ba, ba ka san ko ubangidansa ne ya biya ba. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Na ga wanda ya jinginar da fadamar gado saboda tafiyar sati guda, rani ya zo yana kallon wani yana ɗibar albasa a gonar ubansa. Na ga wadda ta sayar da sarƙa da 'yan kunnen aurenta don a cika kuɗin jirgi, ranar da haihuwa ta zo da gardama aka rasa abin sayarwa. Kuma ƙasashen nan ba sa shawara da ku kafin su rufe ƙofa. A ƙarshen 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza, ba a sake buɗewa ba sai Yulin 2024. Wanda ya riga ya miƙa kuɗinsa ga dillalin biza, shi ya san yadda ya ƙare da shi. Ita naira kun ga abin da ya same ta tun da aka sake ta a Yunin 2023: dalar da ake saye ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. In kun tara daga guminku, bayan an cika rumbu, an biya kuɗin makaranta, an ware na asibiti, to ku je inda kuka ga dama, Allah ya kiyaye hanya. In kuwa sai an ci bashi, wannan tafiyar ba taku ba ce tukuna.

Sannan wa ya ce ƙasar waje sai an hau jirgi? Ƙasar waje tana nan kusa da ku, kuma rabin tarihinku yana can. Alƙalawa, babban birnin Gobir, kufansa yana nan ƙasarmu a bakin gulbin Rima. A 1808 ya faɗi a hannun masu jihadi, aka kashe Sarki Yunfa. Gobirawa suka yi ta gwagwarmaya har yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi galaba, Sarkin Gobir Ali ya faɗi. Bayan nan ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga Tsibirin nan kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya zo ya kafa Sabon Birni. Layin da ya raba mu da su, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi tsakanin 1906 da 1908, ba su tambayi kowa ba. Ashe duk ɗan Sabon Birni da bai ga Tsibiri ba, bai ga gidan kakansa ba.

Ku je ku tsaya a ƙofar fadar Sarkin Gobir ta can. Za ku ga dattijai da irin zanen da ke fuskar kakanninku, ku ji harshe irin naku da 'yan kalmomin Faransanci a ciki. Ke ɗiyata, ki nemi iso ki gaida Inna, don sarautar mata ce mai tsohon tushe a Gobir, kuma cikin gida akwai zaurukan da ke za ki shiga, shi ya tsaya waje. Abin da kika gano can, sai ta bakinki zai ji shi. Daga Tsibiri zuwa Maraɗi tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Maraɗi ta Katsinawa ce da suka baro Katsina bayan jihadi, kuma in kun sami dattijo zai nuna muku kwarin da tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa a koma kan tudu. Kudu da ita akwai tafkin Madarunfa, inda mutanen wurin suke cewa waliyyai 99 ne ke kwance a kewayensa. Mai ƙarfin aljihu ya zarce Damagaram ya ga fada da unguwar Birni. Agadas da hasumiyar masallacinta ta laka mai tsawon mita 27, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2013, ita ma abin gani ce, amma hanyarta doguwa ce, ba ta sabon matafiyi ba. In kuka gamu da Bazabarme ya ji ku Gobirawa ne ya fara zolayarku, kada ka ɗaure fuska, ɗana. Abokin wasanka ne, rama.

Sai dai ba zan ce muku ku tashi gobe ba, don ni da ku mun san halin da hanyoyinmu suke ciki. Mun san harin da aka kai wa matafiya a Gidan Bawa a Disambar 2021, mun san yadda aka ɗauke Sarkin Gobir na Gatawa a hanya a 2024, bai dawo ba. Saboda haka kada kusancin iyaka ya ruɗe ka ka ɗora matarka a bayan babur ku yanki daji. Hanyar ta fi gajarta, gaskiya ne, amma babu hatimi a takardarku, babu wanda ya san kun shiga, kuma ba ku san wa ke kwance a cikin sabara ba. Ku zagaya ta ƙofar da hukuma ta sani. Ta Illela ku shiga Ƙonni, ku hau babban titi ta Galmi mai albasa, ku wuce Madawa da Gidan Rumji, sai ga ku a Tsibiri. Ku tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar da za ku tashi, ba labarin satin jiya ba. In suka ce a dakata, ku dakata. Tsibiri ba za ta gudu ba. Lokaci kuma, bayan kaka ya fi: amfani ya shigo, iska ta yi sanyi, hanya ta bushe. Wanda ya ja mace yawon gari cikin zafin Afrilu, faɗa ya je nema.

Takardu ba su da daɗin zance, amma su ne ke mayar da mutum gida daga bakin iyaka. Kowannenku da nasa fasfo, wanda ya rage masa aƙalla wata 6, kuma sunan da ke ciki ya dace da na katin ɗan ƙasa harafi da harafi. Ku riƙe katin rigakafin shawara, mai zuwa Umra ya ƙara da na sanƙarau. Mai juna biyu kada ta karɓi allurar shawara sai ta faɗa wa ma'aikacin lafiya halin da take ciki. Akwai kuma takardar da kusan kowa ke mantawa. Aurenmu a ƙofar gida ko masallaci ake ɗaura shi, a raba goro a watse, kuma mace tana nan da sunan mahaifinta. Ma'aikacin masauki a wata ƙasa ya buɗe fasfo biyu, ya ga sunaye ba su haɗu ba, da me za ka shaida masa matarka ce? Ku je kotun shari'a ku karɓi takardar shaidar aure tun kuna gida. Game da Nijar kuwa, kada ku dogara da yadda aka saba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka wata da watanni, sai Maris 2024 aka buɗe, a Janairun 2025 kuma Nijar ta fita daga ECOWAS. Ku tambayi ofishin shige da fice abin da ake nema yanzu.

To ga maganar da ta fi damuna, kuma da kai nake, ɗana. Na sha ganin miji da mata a tasha ko filin jirgi: fasfo biyu suna aljihunsa, kuɗi suna aljihunsa, sunan masauki yana cikin wayarsa, yana gaba da taku goma, ita tana baya tana jan jaka tana neman ƙeyarsa cikin mutane. In ka tambaye ta ina za su kwana yau, sai ta ce, "Sai Malam." Shi a ganinsa kulawa ce. To in Malam ya faɗi da zazzaɓi fa? In aka zare wayar daga aljihunsa? In cunkoso ya raba su?

Cunkoso kuwa yana rabawa. A masallacin Annabi a Madina wurin sallar mata daban, na maza daban, ƙofofi kuma masu yawa, kowace da lambarta. Ziyarar Rauda ma lokacin mata daban ne, kuma sai an nemi izini ta manhajar Nusuk. An idar da salla, mata dubbai suka fito lokaci guda, galibi cikin baƙar abaya. Ga wata yarinya tamu tsaye a gindin ginshiƙi, takalmi a hannu, ba ta san lambar ƙofar da suka shigo ba, ba ta san sunan masauki ba, ba riyal ko ɗaya a jikinta, ba Larabci, sai hawaye. Shi kuma yana can wata ƙofar yana zagaye, ransa ya gama ɓaci, yana shirya faɗan da zai yi. Abin da zai hana wannan bai fi minti biyar ba. Kafin ku fita ku karɓi katin masauki guda biyu, ɗaya a jakarta. Ta riƙe kuɗin mota da hoton fasfonta. Ku tsaya ku dubi lambar ƙofa tare, ku ce nan za mu haɗu, wanda ya riga ya jira.

Ke ma ɗiyata, kada ki mayar da kunya ta zama lalaci. Ki tambaya nawa aka canza, nawa ya rage, wace mota za a hau. Matambayi ba ya ɓata. Kasuwar Maraɗi za ta koya miki wannan da wuri, domin can da dala ake ƙirga kuɗi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Kin ɗaga turmin atamfa ko kin nuna kilishi, mai kaya ya ce, "Hajiya, ɗari ne." Kada ki miƙa sefa 100, sefa 500 yake nufi. In ya ce dala ashirin, ita ce sefa 100. Jikka kuwa sefa 1,000 ce. Ita sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, shi ya sa da naira ta faɗi sai ta yi tsada a hannunmu, har jikka ɗaya ta haura naira 2,000 a 2024. Wanda bai riƙe wannan lissafi ba, ko dai ya ga kamar kaya banza ne ya yi ta ɗiba, ko ya zaci an cuce shi ya tada rigima da bawan Allah. Sau da yawa ma mace ta fi saurin kama shi, don ita ta saba da awo da canji. Ka bar mata cinikin, ɗana, ka tsaya gefe ka sha kallo. Za ka ga wata basira a matarka da ba ka taɓa sani ba.

Haka wajen zaɓen abin da za a gani. Kai kana son kasuwar dabbobi da gidan tarihi, ita tana son ta ga yadda matan can suke ɗaura ɗankwali da irin tukwanensu. Yau naka, gobe nata. Kada ku cusa wuri biyar a wuni ɗaya don a ce kun je. Wuri ɗaya da kuka zauna, kuka sami ɗan gari ya ba ku labarinsa, ya fi goma da kuka wuce ta gabansu a guje. Da ɗan gari akan ci gari. A Uhudu, can Madina, wanda ya san labarin maharban da aka ajiye kan ɗan tudun nan zai tsaya ya daɗe yana kallo. Wanda bai sani ba, duwatsu kawai zai gani ya koma mota. Ku karanta ko ku tambayi malami kafin ku tashi, kuma in ɗayanku ne ya iya karatu, ya karanta wa ɗayan.

Za ku yi saɓani, wannan ba makawa. Galibinsa kuma ba daga zuciya yake fitowa ba, daga yunwa ne da gajiya da rana. In ka ji muryarka ta fara tashi, ka duba ko kun ci abinci. In kin ji komai ya faɗa yana ba ki haushi, ki ce a koma masauki a huta. A gida in an ɓata, akwai zaure da zai fita, akwai ɗakin gwaggo da za ki shiga. Can babu, sai ku biyu da bango huɗu, don haka kada a kwana da magana. Kuma kada ka tsawata mata a gaban baƙi don ta yi kuskuren lif ko ta kasa cin abincinsu. Kai ma ba a ciki aka haife ka ba. Addini ma ya sauƙaƙa wa matafiyi: in tafiya ta kai kimanin kilomita 80 kuma ba ku yi niyyar zaman kwana 4 ba, kuna da kasaru.

Sai waya. Hoto ba laifi ba ne, amma na ga waɗanda suka je wuri ba su kalle shi da idonsu ba, ta gilashin waya kawai suka gan shi, suna gyara tsayuwa ana sake ɗauka. Wannan asararsu ce su kaɗai. Wadda ta fi ta ita ce ɗora hotunan a Facebook da TikTok tun kuna can. A wani gari wannan burga ce kawai. A ƙasarmu kuwa, inda ɓarayin daji suke da masu kai musu rahoto har cikin gari, sanarwa ce cewa gidan wane akwai kuɗi, kuma maigidan ba ya nan. Ba kai kaɗai ka jefa cikin haɗari ba, har tsohonka da ƙannenka. Ku adana hotunanku, in kun dawo ku nuna wa wanda kuka yarda da shi. Can ma ku kula da inda kuke nuna kyamara: shingen jami'an tsaro, barikin soja, ofishin iyaka, duk ba a ɗauka. Fada sai da izini, matan mutane kuwa ko kusa.

Da zarar an ji za ku tafi, masu saƙo za su fara sallama. "Don Allah ga ɗan ƙunshi ka kai wa yayana a Jidda." Duk abin da ba ku kwance kun gani da idonku ba, kada ku karɓa, ko daga wa ya fito. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kisa ne. Kun ji labarin ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Madina a Disambar 2018, ta je Umra da mahaifiyarta, saboda wata jaka mai ƙwaya da aka liƙa wa sunanta tun a filin jirgi ba da saninta ba. Sai da ta yi wata 4 a tsare kafin gaskiya ta fito. Ku ƙirga jakunkunanku, ku ƙirga takardun awon da aka ba ku, su zo daidai. In kuma wani ya ce muku ku ɓuya bayan biza ta ƙare, ana samun aiki, ku tambayi waɗanda aka kwaso daga gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a koro, yadda takari ta kaya da su.

Mai mata fiye da ɗaya, kada ya ɗauki amarya a ɓoye ya ce wai Sakkwato za su asibiti. Ramin ƙarya ƙurarre ne, hoto ɗaya zai tona shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in zai yi tafiya ƙuri'a yake yi tsakanin matansa. Ka zaunar da su, a yi ƙuri'a ko a yi jeri, uwargida ta san nata zuwan yana tafe, kuma ka cika.

Tsaraba ita ce ke cinye kuɗin komawa. Dangi da yawa, kowa yana sa rai, kunya kuma ba ta barin mutum ya shigo hannu rabbana. Ku rubuta sunayen tun a gida: iyaye, surukai, sai yara. Dabino, turare, ɗan kilishi, sun wadatar. Kuɗin mota na dawowa ku ware shi tun ranar farko, ku ƙara da na kwana biyu ko da hanya za ta rufe, ku ba ɗiyata ta ɗaure a inda hannun ciniki ba zai kai ba. Ranar dawowa kuma ba ta shela ba ce. Mutum ɗaya a gida ya sani ya isa. In la'asar ta same ku a Illela ko Sakkwato, ku nemi wurin kwana, da safe ku bi ayarin motocin farko.